Kwamfutar Nababa a Cikin Kayan Gado

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Afrilu, 1998, mako guda bayan Babbar Sallah, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulƙadiri Nababa a asibiti a nan Kontagora, bayan zazzaɓin da bai wuce kwana uku ba. Yana da shekara arba'in da huɗu. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, babbarsu, Rabi'atu, ba ta kai sha biyar ba. An yi masa sallah bayan azahar a ƙofar gidan yayansa, Alhaji Haliru.

Nababa, yau kwana talatin da biyu ke nan, kuma sai yanzu na iya zama in rubuta wani abu a kanka. Ni ne Mahmudu, shugaban sito, wanda kake tsokana da cewa buhu ne kawai abin da ya iya ƙirgawa. Shekara tara muna aiki a kamfani ɗaya na iri da taki, ofishina da naka bango guda ne a tsakani. Amma a wurin zaman makoki wani dattijo daga Nasko ya tambaye ni wane aiki kake yi, na ce kana ɓangaren kwamfuta. Ya ce to, me kake yi da ita? Maimakon amsa, sai na miƙa masa goro. Kunyar wannan shirun ba ta sake ni ba har yau.

Bari in gwada yanzu, da ɗan abin da na fahimta bayan an sha wahala. In na yi kuskure, ba ka nan balle ka gyara mini.

Kamfaninmu yana raba irin masara da taki ga manoma sama da dubu huɗu, daga Bobi da Kasuwan Garba har zuwa ƙauyukan Rijau. Muna da kwamfuta a ofis uku. Ta ofishin rajista, inda Madam Alice take, ta san sunan kowane manomi da ƙauyensa da mudu nawa ya nema. Ta sito, wadda aka sayo daga wani kamfani a Legas, ba ruwanta da sunan kowa, ba ta kuma san mudu ba, kilo da lambar kaya kawai take ji. Ta ofishin sufuri kuwa mota ta sani da hanya da nauyin lodi. An sayi ukun a shekaru daban, daga hannun mutane daban, kuma ba wadda ke jin maganar 'yar'uwarta. Kafin ka zo, akawu uku ne ke zama su kwafi abin da wannan ta buga su sake buga shi a waccan. Kowace damina sai an yi rigima. Wani a kai masa irin da bai nema ba, wani sunansa ya ɓace a tsakanin ofis da ofis.

Kai ne ka ce a sa wata kwamfutar a tsakiya, wadda ba ta da aikin kanta sai karɓo saƙo daga wannan, ta juya shi yadda waccan za ta gane, ta miƙa mata. Manajan wancan lokacin ya ce ba zai sayi na'ura ta huɗu don ta yi wa uku ɗan aike ba. Ba ka yi gardama ba. Da aka yi hutu ka tafi Kaduna ka sayo wata tsohuwa da kuɗinka, ka goyo ta a baya tun daga tasha, ka ajiye ta a ƙarƙashin teburinka. Ka yi wata huɗu kana rubuta mata abin da za ta yi, ka huda bango ka ja wayoyi, ka sa mata suna Tafinta. Mu kuwa muna ta dariya.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne sikeli. Ka ce mudun Bobi daban, na Nasko daban, na ƙauyukan Rijau daban, kuma muddin aka yi wa kowa lissafi da mudu guda, to ana tauye wasu ana ƙara wa wasu ba tare da kowa ya yi niyya ba. Sai ka ɗaure sikeli a bayan babur, duk ranar kasuwa ka tafi ka auna mudun garin. A Kasuwan Garba mata masu awo sun ɗauka daga gwamnati kake, ka zo kama masu ƙwange, suka kwashe kwanukansu suka ɓoye. Sai da ka zauna a kan buhu ka sayi gyaɗa ka raba wa 'ya'yansu, kuka yi hira har la'asar, sannan wata tsohuwa ta ba ka mudunta. Ka dawo fuskarka duk jar ƙasa, kana murna kamar an ba ka kujerar Makka. Na ce maka mai digiri ya koma ɗan awo. Ka ce ai gara hakan.

Daga shekarar nan rigima ta mutu. Da safe sai mu iske takardun rabo sun fito, kowane manomi da nasa, kowace mota da lodinta. Da yake abin ba ya tsayawa, sai muka manta akwai mai yin sa. Ni da kaina na sha cewa a bayan idonka, wai Nababa ya samu aikin zama, shayi da jarida. Allah Ya yafe mini.

Akwai ranar da na buga buhu ɗari biyar a wurin hamsin. Da lambar nan ta wuce, da takardar tuhuma zan sha, watakila ma fiye da haka, don lokacin ana neman wanda za a rage. Ka shigo ofishina da goro a hannu, ka ja kujera, muka yi hirar ƙwallo, sai da za ka tashi ka ajiye mini 'yar takarda ka ce Tafinta ya ƙi haɗiye wannan, in duba masa. Ba wanda ya ji. Bayan rasuwarka Madam Alice ta gaya mini ita ma ta karɓi irin takardar nan ta fi sau goma, kowannenmu yana zaton shi kaɗai kake rufa wa asiri. Direbobi ma sun ce in an ɗora wa mota lodin da ya fi ƙarfinta, kai ke zuwa gareji ka sa a sauke, ko da manaja zai yi faɗa.

Yanzu ga abin da na yi.

Ranar sadakar uku, manajanmu na yanzu ya ce in tattara kayanka na ofis in kai gida, kamar yadda aka saba. Haƙƙin magada ne, ba a barin ko allura. Na yi aikin nan da zuciya ɗaya, ina hawaye. Na ɗauki dardumarka da butarka da kofin shayi da sikelin nan. Da na sunkuya ƙarƙashin tebur na ga tsohuwar kwamfutar tana ta ƙugi ita kaɗai. Na duba jikinta babu lambar kamfani, na tuna da kuɗinka ka saya. Na ce a raina wannan dukiyar marayu ce, kuma ba ni zan tsaya gaban Allah da ita ba. Na kashe ta, na zare wayoyi uku da ke bayanta, na goge mata ƙura da hular kaina, na sa a mota. Alhaji Haliru ya karɓa ya yi ta sa mini albarka. Liman ya rubuta ta cikin jerin kayan gado a gaban shaidu, aka sa ta a ɗaki aka kulle.

Ranar Litinin ya kamata a fara rabon iri. Takardu ba su fito ba. Na je wurin Madam Alice na ce rajistarta ta lalace, ta nuna mini sunaye duk suna nan daram. Ta ce sitona ne, na nuna mata lambobina ba abin da ya same su. Muka haɗu muka ɗora wa sufuri, su ma suka ce tasu lafiya lau, lodi kawai take jira. Kowace kwamfuta lafiyarta ƙalau, aiki kuma ya tsaya cak. Manaja ya yi kwana biyu yana neman Legas a waya, da ya samu suka ce injiniyansu sai bayan mako uku. Aka kira mai gyaran rediyo, aka canja janareta, wani ma ya kawo shawarar a yi saukar Alƙur'ani a ofis, aka kuma yi. Ni da na zare wayoyin da hannuna ina tsakiyar masu neman dalili, har ina ba da shawara. Wallahi ko sau ɗaya tunanina bai je kan abin da na ɗauka ba. A wurina kayanka daban, aikin kamfani daban.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, ranar Asabar, mai yawa. Manoma suka fara cika ƙofar kamfani.

Muka ce a koma yin abin da hannu. A kwana uku muka yi mutum ɗari biyu da 'yan kai, kuma ba wanda ya san awon kowane gari, sai muka yi wa kowa da mudun Kontagora. Sai ga Sati, shugaban manoman wani ƙauye a bayan Rijau, ya zo da takardarsa a hannu. Ya fara yi mana gaisuwar rashi, ya ce su a can mai sikeli suke kiranka, kuma sun yi maka addu'a a cocinsu ranar Lahadi. Sannan ya ajiye takardar ya ce wannan ba awonsu ba ne, an rage wa kowane gida kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ya ce shekara takwas ba su ga irin wannan ba, tun ranar da ka zauna a gindin bishiyarsu ka auna mudunsu sau uku. Manomin da bai taɓa taɓa kwamfuta ba ya fi ni sanin aikinka. Muka janye takardun duka.

A rana ta tara da tsayawar aiki Madam Alice ta tsaya tana kallon wata waya da ta fita daga bayan kwamfutarta ta shige bango. Ta ce ita dai ina wannan take zuwa? Muka bi ta, ni da ita, ta baranda, ta saman taga, ta wata 'yar huda, har ofishinka. A ƙarƙashin tebur ta ƙare, kwance a ƙasa tare da 'yan'uwanta biyu, a daidai inda ƙura ta zana gurbin abin da na ɗauke. Ta dube ni.

Na ɗauka da na gane, wahala ta ƙare. A ranar na je wurin Alhaji Haliru na yi masa bayani, bayanin da ni kaina ban gamsu da shi ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya ji, amma kaya sun shiga lissafin gado, akwai marayu ƙanana, ba zai buɗe ɗakin nan ba sai ranar rabo, bayan arba'in. Ya tuna mini cewa ni da bakina na ce taka ce. Ban iya ganin laifinsa ba. Manaja da ya ji ya tashi da faɗa, ya ce abin da ke cikinta na kamfani ne, tunda a lokacin aiki ka rubuta shi, kuma zai sa lauya ya rubuta takarda. Shi ma ban iya cewa ƙarya yake ba. Na roƙe shi kada a kai takardar lauya gidan da ba a ɗauke tabarmar makoki ba. Muka je wurin liman. Ya ce ƙarfen na magada ne, babu shakka. Abin da ke ciki kuwa ya tambaye ni ko ana iya ganinsa, ko a auna shi, ko a ciro shi a bar ƙarfen. Na ce ina jin ana iyawa, amma wanda ya iya yana kabari. Ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike, don bai ci karo da irin wannan a littattafansa ba.

Na yi kwana uku ina zirga-zirga tsakanin mutum uku, kowa ya yi magana in ga shi ke da gaskiya. Ruwa kuma ya sake sauka.

A rana ta huɗu ina zaure da Alhaji Haliru, sai aka ce matarka, Malama Barakatu, tana son magana da mu. Tana cikin takaba, don haka ta tsaya a bayan labulen soro, mu muna ta wannan gefen. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya. Ta ce ta ji duk abin da ake ciki.

Ta ce, "Yaya, ni ban san wane ɓangare ne tumunina a jikin abin nan ba. Amma baban su Rabi'atu ya sha gaya mini cewa in ruwa ya sauka ba a barin ta ta kwana a kashe. A ba su aro. In ta lalace, a cire daga nawa."

Sai Alhaji Haliru ya aika aka kira liman da shaidu biyu, aka rubuta aro zuwa ranar rabo, aka buɗe ɗaki. Ina rungume da ita zan fita sai wani abu ya faɗo mini. Ramuka uku ne a bayanta, iri ɗaya, wayoyi ma uku, kuma ranar da na zare ban duba ba. Na faɗa a fili, don ba ni da sauran abin ɓoyewa.

Daga bayan labule ta ce, "Malam Mahmudu, ta rajista a sama, ita ce mai ɗaurin jan zare. Ta sito a tsakiya. Ta motoci a ƙasa. Ka fara kunna ukun, ita ce ta ƙarshe. In ta tambaye ka kwanan wata, ka ba ta na ranar da aka kashe ta, ba na yau ba, in ba haka ba za ta tsallake duk abin da aka rubuta a tsakani."

Na tambaye ta yadda aka yi ta san wannan, ita da ba ta taɓa taka ofishinmu ba.

Ta ce, "A kaina yake gwada bayanin. Ya ce yana so ya iya faɗarsa da sauƙi, don ranar da wani a cikinku zai samu lokacin zama ya ji."

Nababa, sau nawa ka leƙo ofishina ka ce in zo ka nuna mini wani abu, minti goma kawai? Sau nawa na ce sai an sauke motar nan, sai bayan sallah, sai gobe? Ban san ina da wurin da magana za ta soke ni haka ba. Na fita daga gidan nan ban iya yi mata sallama ba.

Na yi yadda ta ce. Tafinta ya yi ƙugi, ya yi shiru, ya sake yin ƙugi, sai muka ji firintar sito ta kama aiki. Madam Alice ta fashe da kuka. Ni dai ina tsaye ina kallon rubutun da ke gudu a fuskar kwamfutar, ban gane ko layi ɗaya ba, kuma har yau da nake wannan rubutu ban gane ba. Manaja ya ce ni zan riƙa kula da ita. Na ce masa abin da na sani shi ne sama, tsakiya, ƙasa. Saura kwana takwas a yi rabon gado, aro ya ƙare. Liman bai gama bincike ba, injiniyan Legas ya ɗaga zuwansa, kuma in an tambaye ni yau ta wane ce, ta marayu ko ta kamfani ko ta manoman da ka auna wa mudu, ba ni da amsa.

Motoci sun fita. Nasko da Bobi sun samu iri a kan kari, Kasuwan Garba da ƙyar. Ƙauyukan Rijau su ne ƙarshen layi, kuma motarsu ta isa kwana goma sha biyar bayan ruwan farko. Na bi ta da kaina. Muka iske gonaki sun riga sun tsira. Sati ya ce sun jira iya jira, da suka ga ƙasa za ta wuce su sai suka shuka tsohon irin da ya rage a rumbu, wanda rabinsa ƙwari sun ci. Gida ɗari da sittin ne. Bai ɗaga mini murya ba. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi lafiyar 'ya'yanka ɗaya bayan ɗaya, ya ce da mai sikeli yana nan da haka ba ta faru ba. Na ce masa haka ne. Ban iya gaya masa sauran ba, shi ya sa nake rubuta shi a nan, inda za a karanta masa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Abdulƙadiri. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya tsaya a tsakanin mutane ya cika wa kowa awonsa ba tare da an sani ba, ya Allah Ka cika masa nasa mizanin da rahamarKa. Yadda ya rufa mana asiri, Ka rufa masa ranar da asirai za su tonu. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ka haɗa shi da iyayensa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Barakatu, Allah Ya ba ta haƙuri da ladan haƙuri, Ya saka mata da abin da ba za mu iya ba. Ga Rabi'atu da ƙannenta, Allah Ya raya su, Ya zama gatansu. Ga Alhaji Haliru da dukkan dangi, da abokan aikinmu, da direbobin da suka ɗauki makararsa suna musayar kafaɗa har maƙabarta. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Ga Sati da mutanen ƙauyukan Rijau kuwa, ta'aziyya da roƙo guda. In kaka ta zo rumbu bai cika ba, kada a ce mai sikeli ya mutu ya bar aiki a lalace. Ya bar shi yana tafiya lafiya lau. Ni, Mahmudu na sito, ni na zare wayoyin.